Vectormune AI: rigakafin murar tsuntsaye da ke kwana cikin tulun naitirojin

Wanda ya saba da rigakafin murar tsuntsaye irin na da, farin ruwan nan mai maiƙo da ake ajiyewa a firji a tsira wa kaza a ƙirji, zai ga Vectormune AI (AI gajeren sunan murar tsuntsaye ne a Turance) baƙon abu ne. Yana zuwa ne a 'yan mitsi-mitsin kwalaben gilashi da aka liƙe bakinsu da wuta, a nutse cikin ruwan naitirojin mai sanyin digiri 196 ƙasa da sifili. Abin da ke cikin kwalbar ƙwayoyin sel ne na kaza, wato 'yan ƙananan ƙwayoyin da suka gina jikinta, masu rai, waɗanda aka daskarar da su ɗauke da bairos. Kusan duk yabo da duk ƙorafin da za a yi wa wannan kaya daga nan suka samo asali.

Kamfanin Ceva na ƙasar Faransa ne ke yin sa. Ginshiƙinsa shi ne HVT, wani bairos na talotalo da ba ya sa wa kaza ciwo, wanda tun wajen 1970 ake amfani da shi a matsayin rigakafin cutar Marek, wadda ke shanye ƙafafun kaji. A cikin gadon halittar wannan bairos aka dasa gutsure guda ɗaya tak daga bairos ɗin murar tsuntsaye, wato wanda ke ƙera furotin HA. Bairos ɗin mura yana da gutsure takwas, kuma a bayansa akwai furotin iri biyu, HA da NA, waɗanda daga su ne ake samun sunaye irin su H5N1. HA shi ne mabuɗin da yake buɗe sel da shi ya shiga. In garkuwar jiki ta gane mabuɗin, ta tare ƙofa. HA ɗin da ke cikin Vectormune AI an ɗauko shi ne daga wani H5N1 da aka samu a jikin wata babbar tsuntsuwar ruwa mai dogon wuya a ƙasar Hangari a 2006, daga reshen da masana ke kira 2.2.

Akwai wata gyara da aka yi masa wadda ta cancanci a tsaya a kanta. Kafin HA ya yi aiki sai an datsa shi gida biyu. A nau'in mura mai sauƙi, sinadaran da ke iya datsa shi suna cikin hanyar numfashi da hanji kawai, shi ya sa cutar ke tsayawa a nan. A nau'i mai tsanani, wurin datsawar yana da ƙarin wasu 'yan amino asid, wato tubalan da ke gina furotin, a jere, waɗanda ke sa kusan kowace gaɓa ta jiki ta iya datsa shi: ƙwaƙwalwa, zuciya, hanta, jijiyoyin jini. Dalilin ke nan da kaza kan kwana lafiya a wayi gari ta mutu, zanko ya yi shuɗi, ƙafafu da tabon jini. A wannan rigakafin an mayar da wurin datsawar irin na nau'i mai sauƙi. Sauran gutsure bakwai kuma babu su sam. Saboda haka ba zai iya haddasa mura ba, kuma ba shi da gutsuren da zai yi musaya da bairos ɗin daji a haifi sabon nau'i.

HVT in ya shiga jikin ɗan tsako ba ya fita. Yana zaune cikin fararen ƙwayoyin jini har ƙarshen rayuwar kazar, yana ta nuna wa garkuwar jiki HA a kai a kai. Wannan ke haifar da garkuwa iri biyu: antibodi, wato sinadaran da ke yawo a jini suna kama bairos, da ƙwayoyin garkuwa masu kashe duk sel da bairos ya kama. Rigakafi mai maiƙo, wanda mataccen bairos ne, ƙarfinsa a antibodi yake kusan kaɗai. Sannan akwai matsalar garkuwar da ɗan tsako ke gada daga uwa ta cikin gwaiduwa. In an yi wa iyayen rigakafin H5, antibodin uwa kan cinye mataccen rigakafi kafin jikin ɗan tsako ya koyi komai. HVT kuwa daga sel zuwa sel yake bi, antibodin uwa ba ya cika riskarsa. Ga gidan ƙyanƙyasa da ke karɓar ƙwai daga iyaye masu rigakafi, wannan kaɗai ya isa dalilin duba kayan.

Tambayar da duk mai hankali zai yi ita ce: HA na 2006 zai tare bairos ɗin yau? Tambaya ce mai tushe. Kakan wannan dangi an fara gano shi a jikin dinya a lardin Guangdong na Sin a 1996. A 1997 ya kama mutum 18 a Hong Kong, shida suka rasu. A 2005 ya kashe dubban tsuntsayen daji a tafkin Qinghai, daga nan reshen 2.2 ya bi tsuntsaye masu ƙaura ya kai Turai da Afirka. Tun daga lokacin yake ta sauya kama. Sin, wadda ta fi kowa yawan yi wa kaji rigakafi, ta sha canza irin da ke cikin nata, jerin nan na Re da cibiyar binciken dabbobi ta Harbin ke fitarwa, daga Re-1 har aka kai Re-13 da Re-14, saboda duk lokacin da bairos ya sauya sai tsohon ya rage kama shi. A Masar, inda aka fara rigakafi a 2006, cikin 'yan shekaru wani reshe ya ɓullo da ke zille wa wasu rigakafin masu maiƙo. Daga 2020 kuma reshen 2.3.4.4b ne ke cin karensa babu babbaka: ya haye Arewacin Amurka a ƙarshen 2021, ya gangara Kudancin Amurka a 2022, kuma a Maris 2024 aka same shi a shanun madara a jihar Texas.

Hujja mafi ƙarfi da kayan ke da ita a kan wannan reshe ta fito ne daga cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Wageningen a Holan, wadda ta bayyana sakamakonta a Maris 2023. An gwada rigakafi huɗu a kan kaji masu ƙwai: biyu na HVT, wato wannan da wani na kamfanin Boehringer Ingelheim, sai ɗaya na DNA, sai wani tsohon mataccen H5N2. Mako takwas bayan rigakafi aka sa wa wasu kajin bairos na 2.3.4.4b, aka haɗa su da sauran a ga ko zai tsallaka. Na HVT guda biyun sun hana ciwo da mutuwa, kuma sun sauko da yaɗuwa ƙasa da ɗaya, ma'ana kaza mai ɗauke da cutar ba ta kai ga harbar wata guda cikakkiya ba a matsakaici. Sauran biyun ba su yi wannan ƙoƙarin ba. Ma'aunin yaɗuwa shi ne abin dubawa, domin rigakafin da ya hana mutuwa bai hana yaɗuwa ba, ɓoye cutar kawai ya yi.

Sai dai a karanta sakamakon da idon basira. Kaji kaɗan ne, a ɗakin gwaji, kowacce ta samu cikakkiyar allura daga hannun ƙwararru, kuma an gwada su lokacin da garkuwa ke kan ganiyarta. Gona mai kaji dubu ashirin, ga zafi, ga cutar Gumboro, ga abinci mai funfuna da ke raunana garkuwa, wani labari ne daban.

Ba a ɗakin gwaji gizo ke saƙa ba, a ɗakin haɗa rigakafi na gidan ƙyanƙyasa yake yi.

A fara da tulu. Dole ruwan naitirojin ya rufe kwalaben ko da yaushe. Ana auna shi da sanda, a tsoma, a ciro, a kaɗa a iska, inda ƙanƙara ta yi fari shi ne iyakar ruwan, a rubuta a littafi kullum. Tulun da ya fara gumi ko ya yi ƙanƙara a jikinsa ta waje, rufinsa ya lalace, zai iya ƙafewa cikin dare ɗaya. Masu yin irin wannan rigakafi kan jera kwalaben a kife, baki a ƙasa, bayan sun daskarar da ruwan a gindi. In ka ciro kwalba ka ga daskararren ya koma can cikin bakin, ta taɓa narkewa a hanya ta sake daskarewa. Wannan ta mutu, a jefar. Ban da wannan alama, a ido ba ta da bambanci da mai kyau, kuma in aka yi amfani da ita babu abin da zai nuna sai ranar da cuta ta shigo.

Mai cirowa ya sa tabarau ko garkuwar fuska, safar hannu mai kauri da riga mai dogon hannu. In naitirojin ya sulale cikin kwalba ta wata 'yar tsaga, da ta ji ɗumi sai ta fashe, don ruwan kan kumbura kusan ninki 700 in ya zama iska. Wannan kumburin ne kuma ke sa ba a ajiye tulu a ɗaki rufaffe: iskar ba ta da wari, tana korar iskar shaƙa mutum bai sani ba.

Ana ciro kwalaben da za a haɗa a lokacin kawai, a mayar da sandar da ke riƙe da sauran cikin daƙiƙu kaɗan. A tsoma su a ruwa mai tsabta mai ɗumin digiri 25 zuwa 30, an fi tsayawa a 27, ana ɗan juya su a hankali. Cikin minti ɗaya zuwa ɗaya da rabi sun narke. Da zarar ƙanƙarar ta kusa ƙarewa a cire, a goge, a fasa bakin. Gaggawar tana da dalili: sinadarin DMSO da ke kare sel daga fashewa lokacin daskarewa, in ya narke ya zauna da su a ɗumi, guba ne a gare su. Narkarwa a tafin hannu, ko a aljihu, ko a bar ta kan tebur ta narke da kanta, duk asara ce.

Sirinji sabo, allura mai faɗin lamba 18. Siririyar allura tana yaga sel. A fara zuƙo ɗan ruwan haɗi a sirinjin, sannan a zuƙi rigakafin a hankali, a tura cikin jakar ruwan haɗi a hankali, a ɗauraye kwalbar da bakinta sau ɗaya ko biyu a mayar. Wanda bai ɗauraye ba ya bar wani kaso a gilashi. Ruwan haɗin ya kasance a ɗumin ɗaki, ba daga firji ba. Launinsa ja-ja ne garai-garai, in ya koma rawaya ko ya gurɓace ba a amfani da shi. Lissafin ba wuya: kowane ɗan tsako mililita 0.2 yake samu, don haka kwalbar tsaki dubu tana shiga mililita 200, ta dubu biyu tana shiga 400. Wasu kan ƙara ruwa don kwalba ɗaya ta wadaci tsaki fiye da adadinta. Aikin baban giwa ke nan, an biya kuɗin kaya mai tsada an raba wa kowa ƙasa da abin da zai kama.

Jakar da aka haɗa ba a jijjiga ta, juya ta ake yi sama da ƙasa a hankali, kuma a maimaita duk bayan kwata zuwa rabin awa, saboda sel suna kwantawa a ƙasa. In aka manta, wasu tsakin su samu ninki, wasu su samu ruwa zalla. A rubuta lokacin haɗawa a jikin jakar. Takardun irin waɗannan rigakafi kan ba da awa ɗaya zuwa biyu, amma wanda ya tsara aikinsa ya ƙare kowace jaka cikin awa ɗaya ya fi kwanciyar hankali.

Abu biyu ke kashe rigakafi a ɓoye a wannan mataki. Na farko ragowar maganin tsabtace inji, kulorin ko barasar goge-goge, da ya maƙale a cikin tiyo. A wanke tiyon da ruwan haɗi kafin a fara. Na biyu maganin kashe bakteriya da wasu ke zubawa cikin jaka don kare cibiyar tsaki. Wasunsu suna canza tsamin ruwan su kashe sel. In ya zama dole, a tabbatar kamfanin ya amince da irinsa, kuma a zuba shi a ruwan haɗi tun kafin rigakafin ya shiga.

Allurar kanta a ƙarƙashin fatar bayan wuya ake yin ta, ranar da aka ƙyanƙyashe. Ana sa shuɗin rini da aka amince da shi a cikin jaka don a iya bincike. Mai duba aiki ya ɗauki tsaki ɗari daga kwalin kowane ma'aikaci, ya buɗa gashin wuya: shuɗi a ƙarƙashin fata, daidai. Gashi jiƙe da shuɗi a waje, allura ta huda fata ta fita ko ba ta shiga ba. Jini, an taɓa jijiya ko nama. Babu komai, an tsallake shi. Ana canza allurar inji bayan kowane tsaki dubu ko makamancin haka, don wadda ta dakushe yaga take yi. Rigakafin dangin HVT ana kuma iya yin su cikin ƙwai a kwana na 18 zuwa 19, mililita 0.05, da inji na musamman, inda rajistar kayan ta ba da dama.

Wannan bincike ba ƙa'ida ce ta ofis ba. HVT ba ya cika tsallakawa daga kaza zuwa kaza, don haka ɗan tsakon da aka tsallake ba zai samu kariya daga maƙwabtansa ba. Kuskuren ɗaya cikin ashirin a garke mai dubu ashirin, kaji dubu ne tsirara, kuma dubu sun isa bairos ya samu wurin zama.

Ko an yi komai daidai, kayan yana da iyakokinsa, kuma ba ƙanana ba ne.

Garkuwa ba ta nuna sai bayan mako uku zuwa huɗu. Ga kajin nama da ake yankawa a mako biyar ko shida, fiye da rabin rayuwarsu a buɗe suke. Amfaninsa a kaji masu ƙwai da iyaye ya fi fitowa fili. Ba kuma kayan gaggawa ba ne: in cuta ta ɓulla a gonar maƙwabci, ba shi za a ɗauko a yi wa manyan kaji ba, musamman da yake yawancinsu sun riga sun samu HVT na Marek tun suna tsaki, jikinsu zai tare sabon.

Wannan ya kawo matsalar da ta fi damun masu tsara jadawalin rigakafi. Ba a haɗa HVT biyu a jikin tsako ɗaya, ɗaya kan danne ɗaya. Gidajen ƙyanƙyasa da yawa sun riga sun ba HVT mai ɗauke da Gumboro ko mai ɗauke da Niyukasil wannan gurbi. Wanda ya zaɓi Vectormune AI sai ya nemi wata hanya ta waɗancan cututtukan: Gumboro ta allurar da ke haɗe da antibodi ko ta ruwan sha, Niyukasil ta feshi da mataccen rigakafi. A nan abokan hamayya sun sha gabansa da HVT mai ɗauke da kaya biyu, kamar Vaxxitek HVT+IBD+H5 na Boehringer Ingelheim da Innovax-ND-H5 na MSD. Rispens, rigakafin Marek mai ƙarfi da kaji masu ƙwai ke buƙata, shi ana iya haɗa shi da HVT ba matsala.

Agwagi ma ba nasu ba ne, don HVT ba ya hayayyafa sosai a jikinsu, alhali su ne suka fi ɗaukar bairos ba tare da nuna alama ba. Shi ya sa da Faransa ta wajabta rigakafi a gonakin da ke da agwagi fiye da 250 daga Oktoba 2023, da wani kaya daban ta fara, Volvac B.E.S.T. AI+ND, wanda furotin H5 ne da aka noma a sel ɗin ƙwari, kuma allura biyu ake yi.

Akwai kuma ruɗanin da gwajin jini kan jawo. Gwajin HI yana auna yadda antibodi ke hana bairos dunƙule jajayen ƙwayoyin jini, kuma daga 1:16 ake ɗaukar sakamako a matsayin tabbatacce. Kajin da suka samu wannan rigakafi, in aka gwada su da antijen, wato samfurin bairos ɗin da ake gwajin da shi, na reshen da ke yawo yanzu, lambar kan fito ƙasa, wasu ma ba su nuna komai, sai mai gona ya ɗauka an cuce shi. Don sanin ko allura ta kama, antijen na reshen 2.2 ake amfani da shi. Don kimanta kariya daga bairos ɗin yau kuwa, na yanzu ake dubawa, tare da sanin cewa HI ba ya auna garkuwar sel ko kaɗan. Ga kajin da za su kai mako tamanin ko fiye a wurin da cutar ke yawo, ƙara musu mataccen rigakafi da ya dace da reshen da ke wurin kafin su fara ƙwai yana ɗaga antibodi sosai, kuma shawara ce mai kyau duk da tallan da ake yi cewa allura ɗaya tak ta isa.

Inda kayan ya yi zarra shi ne wajen bambance kazar da aka yi wa rigakafi da wadda ta kamu. Tunda HA kaɗai jikinta ya gani, ba za ta yi antibodi ga furotin NP na cikin bairos ba. Gwajin jini na ELISA mai neman antibodin NP in ya fito tabbatacce, bairos ɗin mura na gaske ya ratsa garken. Mataccen rigakafi na cikakken bairos ba ya ba da wannan dama. Amma kaza mai garkuwa mai kyau kan murƙushe bairos da wuri har ba ta yi antibodin NP mai yawa ba, don haka PCR, gwajin da ke gano gadon halittar bairos ɗin kansa, shi ne ƙashin bayan sa ido. Dokar Tarayyar Turai ta 2023 ta gindaya gwajin matattun kaji kowane mako, da ziyarar likitan dabbobi na hukuma kowane kwana 30 don ɗaukar samfur da zai iya gano cuta ko da kashi 5 cikin ɗari ne suka kamu, wanda a aikace kimanin tsuntsu 60 ne. Ana shafo maƙogwaro da dubura da tsinken auduga na roba, ba mai sandar katako ba don yana dagula gwajin, a haɗa biyar-biyar a kwalba ɗaya, a kai ɗakin gwaji cikin sanyi. Sau da yawa ɗawainiyar wannan sa ido ta fi ta allurar nauyi. Rigakafi ba tare da shi ba kitso ne a kan ƙwarƙwata: mutuwa ta ragu, kowa ya saki jiki, bairos na ci gaba da yawo yana sauyawa, ma'aikata na shaƙa.

Ba don rigakafin kaji ba shi da amfani ga mutane ba. A zagaye na biyar na ɓarkewar murar tsuntsaye nau'in H7N9 a Sin, 2016 zuwa 2017, mutum fiye da 700 suka kamu. Bayan an fara yi wa kaji rigakafin H5 da H7 a haɗe a Satumba 2017, mutum uku kacal aka samu a zagaye na gaba. Amma can an haɗa da sa ido da sabunta iri.

Kafin ma a yi maganar saye, a duba doka. Ƙasashe da dama sun haramta rigakafin murar tsuntsaye mai tsanani kwata-kwata, sun tsaya kan kashe garke da killacewa, wasu kuma sai da izinin hukuma. Akwai batun kasuwa: da Faransa ta fara nata, Amurka da Kanada da Japan sun taƙaita shigo da kayan kajinta. Kwalbar da ta zo ta bayan fage kuwa, ban da laifin doka, babu mai iya rantsuwa cewa ba ta taɓa narkewa ba.

A taƙaicen hukunci, a matsayin allurar farko ga kaji masu ƙwai da iyaye, a gidan ƙyanƙyasa mai tabbataccen naitirojin, ma'aikata horarru da ɗakin gwaji a kusa, Vectormune AI kaya ne mai inganci, kuma faɗin kariyarsa ya wuce abin da shekarun HA ɗinsa ke nunawa. Ga mai agwagi, ko mai neman ceton manyan kaji, ko mai kajin nama na mako biyar, ko wanda ba zai iya sakin gurbin HVT ba, ba nasa ba ne. Wanda ya saya kuma, kada ya tsaya a shuɗin rini, don rini yana nuna ruwa ya shiga ne, ba ya nuna sel na da rai. A mako na uku a fizgi manyan gashin fiffike daga kaji ashirin zuwa talatin, a matse jiƙaƙƙen gindin gashin a katin ɗaukar samfur, a aika a nemi HVT da PCR. In da yawa suka fito babu, a koma littafin tulu da agogon jaka.